Keke a Cikin Kwali

Kwana biyu abokai sun sa ni gaba da tsokana duk lokacin da suka gan ni bisa keke a Bauchi Road. Wannan ya ce, "Malam, an koma zamanin da ke nan?" wancan ya ce, "Bature, sai ina?" Amma akwai wasu, musamman matasa da ƙananan ma'aikata irina, da sukan tare ni da gaske su tambaye ni nawa na saya, a ina na saya, kuma ko yana iya hawan tudun garin nan. Shi ya sa na ga gara in zauna in ba da labarin gaba ɗaya, har da ɓangaren da na daɗe ina ɓoyewa saboda kunya.

Abin ya samo asali ne daga ranar 29 ga watan Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Yuli kuma ta wuce 600. Ni ina zaune ne a Anguwan Rogo, ina aiki a wani ƙaramin gidan ɗab'i wajen British America. Tun 2012 da gwamnatin Jonah Jang ta hana achaba a Jos da Bukuru, keke Napep ne abin hawanmu, kuma sai na hau biyu kafin in kai wurin aiki, biyu kafin in dawo gida. Kuɗin mota ya ninka, albashi kuwa yana nan inda yake, ko motsi bai yi ba. Wata rana da dare na ɗauki biro na yi lissafi a bayan wata tsohuwar takarda, sai na ga kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da nake samu a hanya yake ƙarewa. Ga yara huɗu, ga kuɗin makaranta, ga haya. A daren ne na tuna da keken mahaifina.

Kakana daga ƙasar Kano ya zo Filato aikin kuza, kamar kakannin da yawa daga cikinmu. Mahaifina a nan aka haife shi, ya yi masinja a wani ofishin kamfanin kuza, kuma da kuɗin Udoji na 1975 ya sayi baƙin Raleigh mai kariya da ƙararrawa da fitila. Keken nan giya ɗaya gare shi, nauyi kamar jaki, amma da shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin Jos da Bukuru shekara da shekaru. In ya zo tudu sai ya sauka ya tura, ba ya jin kunyar kowa. Duk ranar Lahadi yakan kifa shi a tsakar gida, ya goge cen da kananzir, ya ɗiga masa mai, ni kuwa aikina in riƙe masa gwangwanin notuna. To wannan riƙon gwangwani shi ne ya yaudare ni bayan shekara arba'in, don a raina gani nake na san keke.

Da ɗaukata ta adashi ta zo a watan Disamba na 2023, sai na nufi shagunan da ke bayan Taminus. Mai karatu, in ka shiga wurin masu keke, iri biyu za a nuna maka. Akwai na gwanjo, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam, an ɗan hau su a Turai, fentinsu ya koɗe, wasu ma sirdinsu ya yage. Akwai kuma sababbi dal a cikin kwali, 'yan China, masu ƙyalli da manyan rubuce-rubuce a jiki. Na ɗaga wani ɗan Beljiyam da hannu ɗaya na ji shi sakayau, domin jikinsa na alminiyam ne. Aka ce naira 120,000, ba ragi. Sai mai shagon ya jawo ni gefe ya nuna mini samfurin na kwali: ja da baƙi, taya mai inci 26 mai manyan haƙora, giya 21, sifirin a gaba, sifirin a baya. Ya danna sirdin, keken ya yi ƙasa ya dawo kamar katifa. Ya ce, "Alhaji, wannan don dutse aka yi shi. Ko Shere za ka hau, zai kai ka. Giyan shi ma Shimano ne." Muka yi ta ja-in-ja har muka tsaya a 105,000.

Gaskiyar magana, ba rarar 15,000 ce kaɗai ta ja ni ba. Ban so a ce na kwashi adashin shekara guda na sayo tsohon keke. So nake maman yara ta ga sabon abu ya shigo gida. Mai shagon ya ce in ƙara 3,000 yaronsa ya haɗa mini nan take. Na yi dariya na ce, "Ni da aka haife ni a gidan keke?" Na ɗora kwalin a Napep na yi gida.

Bayan sallar isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ga sanyin Disamba na Jos da kowa ya sani, ga babu wuta. Babban ɗana, mai shekara 12 a lokacin, shi ya riƙe mini fitilar waya. Da muka buɗe kwalin sai na ga aikin bai kai yadda na zata ba. Tayar baya da cen da giya duk a ɗaure suka zo. Abin da ya rage shi ne tayar gaba, kan keken, sirdi, da feda biyu. A cikin wata 'yar leda akwai siririyar sifana kamar an yanko ta daga gwangwanin madara, da alanki guda biyu, da takardar bayani wadda hoton da ke cikinta ma ba na wannan keken ba ne. Na ajiye takardar gefe.

Kan keken ya hau lafiya, tayar gaba ta shiga lafiya, sirdi ya zauna. Fedar dama na murza ta shige kamar an shafa mata mai. Sai fedar hagu. Na murza, ta ƙi. Na cire, na hura ramin, na sake murzawa, ta ƙi. Yaron ya ce, "Baba, akwai wani harafi a jikinta fa." Na ce masa ya riƙe fitila da kyau ya bar surutu. Na aika aka aro mini babbar sifana a wurin maƙwabcina mai gyaran janareto, na sa ƙarfi, na ji ta fara shiga da ƙyar tana ƙara, na ci gaba da murzawa har ta ƙure. Ta ɗan karkace, amma na ce ai da an fara hawa za ta daidaita. Birki kuwa na matsa na ga robar tana taɓa ƙarfen taya, na ce shi ke nan. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na tsayar da keken a jikin bango, maman yara ta leƙo ta ce, "Ma sha Allah, Allah Ya sa a kashe lafiya." Na kwanta ina jin kaina kamar injiniya.

Washegari Asabar ce. Maimakon in gwada shi a layinmu, sai na ce bari in kai shi inda aka ce don can aka yi shi. Na bi ta Taminus, na miƙe Murtala Mohammed Way, na wuce British America na kama hanyar Lamingo, duwatsun Shere suna gabana cikin hazo. Tun a hanya na lura da abubuwa uku. In na karya kwana, yatsun ƙafata suna gogar tayar gaba. Kan keken yana rawa, ko ɗan dutse na taka sai ya fizge. Sannan duk bugun feda sai sifirin ɗin baya ya lotsa, wato rabin ƙarfina a lilo yake tafiya. Na ce rashin sabo ne. Hawa tudu dai na sha wuya, amma na kai inda nake hango ruwan dam, na tsaya na huta, har na ɗauki hoto.

A dawowa ne abin ya faru. Garin Jos yana sama da mita 1,200 daga teku, kuma kusan duk inda ka hau sai ka gangaro. Na shigo wata doguwar gangara, keke ya fara gudu, iska tana kaɗa mini riga, na ɗan matsa birkin baya. Sai na ji hannun birkin ya tafi gaba ɗaya ya manne da kan keken, babu abin da ya kama. Na matsa na gaba, ya yi wani ƙugi, gudun ya ɗan ragu kaɗan. Na taka feda don in gyara zama, sai fedar hagu ta fice fit, ƙafata ta daki kwalta. Ga wata tifa tana tahowa daga ƙasa. Abin da Allah Ya ba ni ikon yi shi ne na karkata zuwa gefen hanya, na zube cikin ciyawa da tsakuwa.

Na ɗan jima a kwance ina salati kafin in gane ban karye ba. Gwiwa da tafin hannu sun saɓule, wando ya yage. Wasu mata biyu da suka fito daga lambu da kwandunan kabeji suka ajiye kayansu suka rugo. Babbar cikinsu ta ce, "Sannu baba, sannu. Ka ji ciwo sosai?" Ta zuba mini ruwa daga jarkarta na wanke hannu, ƙaramar kuma ta bi gefen titi ta tsinto mini fedar. Na karɓa na yi godiya, na tari Napep, na ɗora sabon kekena a baya kamar ragon da ya ƙi tafiya. A cikin Napep ɗin, ba ciwon ne ya dame ni ba. Tunanin da ya hana ni sakat shi ne, da safen nan yarona ya roƙe ni in bar shi ya fara hawa, na ce sai na dawo.

Ranar Litinin na tura keken zuwa wajen Dilimi, wurin wani dattijo mai gyaran keke da ya san mahaifina. Tun yana yaro yake wannan sana'a, yanzu gemunsa fari fat, rumfarsa kuwa ba ta wuce tabarma biyu ba. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida, sai ya dubi keken, ya dubi bandejin hannuna, ya ce, "Wa ya haɗa maka wannan?" Na ce, "Wani yaro ne, Baba." Ya yi murmushi ya ce, "To ka gaya wa yaron nan ya sa fok a baibai."

Nan ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini karatu. Ya ce masana'anta sukan juya fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, ya kalli baya don keken ya shiga kwali. Mai haɗawa ne zai juyo shi, yadda birkin zai kasance a gaba, tayar kuma ta ɗan yi gaba. In aka bar shi a juye, taya takan matso kusa da ƙafa, kai kuma ya riƙa rawa. Ga dalilin abu biyu da na ji a hanya.

Sai ya ɗauki fedar ya goge gindinta da tsumma ya nuna mini harafin L, ya nuna mini R a ta dama. Wannan ne harafin da yarona ya gani. Ya ce, "Ɗana, yawancin notuna dama ake murza su su ɗaure, amma fedar hagu hagu ake murza ta. Haka take a Raleigh na babanka, haka take a Phoenix, haka take a wannan." Dalili kuwa, yadda ƙafa ke juya feda, da a ce tiredin hagu irin na dama ne, da tafiya kaɗai za ta riƙa kwance ta. Ni kuwa da na sa babbar sifana na murza ta dama da ƙarfi, sai na cinye tiredin hannun fedar gaba ɗaya, babu gyara sai canji. Ya ce ƙa'idar ita ce a shafa ɗan giris, a fara murzawa da yatsu, in ta ƙi shiga da yatsu to akwai kuskure, a dakata. Sai ta shige sannan a ɗaure da sifana mai lamba 15.

Birki kuwa, notin da ke riƙe wayar na baya a kwance yake tun daga masana'anta, an ɗan maƙala shi ne kawai. A tsakar gida ya yi kamar yana kamawa, da nauyina ya hau kansa a gangara sai wayar ta zame. Na gaba kuma roba ɗaya ce ke taɓa ƙarfen, ɗayar tana cin gefen taya. Ya kwance cibiyar tayoyin ya nuna mini boris ɗin, a bushe ƙamas, kuma an matse su fiye da kima. Ya bi wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa har tayar ta daina lanƙwasa. Daga ƙarshe ya kira ni in karanta sunan da ke jikin giyar da kyau. Na duba, sai na ga harafi ɗaya ya bambanta da Shimano. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Ya shafe kusan awa uku a kan keken da na haɗa cikin awa biyu. Da ya gama ya ce in riƙe birkin gaba in tura, tayar baya ta ɗaga sama. Ya ce, "Yauwa. A garin nan, keke birki ne. Tudu in ya fi ƙarfinka sai ka sauka ka tura, babanka ma haka yake yi. Gangara kuwa ba ta jiran ka sauka."

Daga baya na karanta tarihin irin wannan keke, na ga maganar dattijon nan ita ce asalin abin. A shekarun 1970 ne wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, irin su Gary Fisher da Joe Breeze, suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga duwatsun yankinsu. Tseren da suka fara a 1976 sunansa Repack, domin birkin cikin cibiyar tayar baya yakan yi zafi har giris ɗin ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan an sauko. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa. Wato tun farko matsalar da ta haifi keken dutse ita ce yadda za a sauko lafiya. Abin da ake kawo mana a kwali da araha ya ɗauko kamannin ne, manyan tayoyi da sifirin da fenti, amma wuraren da rai ya dogara a kansu nan ne aka rage kuɗi.

Ga lissafin da na yi a bayan waccan takardar. Sabon hannun feda 6,000. Robobin birki masu kyau da sabuwar waya 2,500. Ladan dattijo 2,000, shi ma sai da na matsa ya karɓa. Kemis 1,500. Jimla 12,000, ban da wando da kuɗin Napep. In ka haɗa da 105,000, saura ƙiris in kai kuɗin ɗan Beljiyam ɗin da na raina, kuma duk don gudun biyan 3,000. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Ni na ƙara da cewa ba ta birki.

Saboda haka ga abin da nake gaya wa duk wanda ya tare ni. In kuɗinka kaɗan ne, ka je kasuwa da mai gyaran keke, ka biya shi ladan rakiya, ya zaɓa maka na gwanjo mai lafiyayyen jiki. In sabo kake so, ka guji mai sifirin a baya, nauyi ne kawai da shan ƙarfi, a wannan farashin ba a samun na kirki. Kada yawan giya ya ruɗe ka, 21 ɗin nan uku ne a gaba sau bakwai a baya, da yawansu maimaici ne, ni bai fi shida nake amfani da su ba. Ka sauya giya kafin ka shiga tudu, ba sai kana tsakiyarsa kana nishi ba. Sirdi ka ɗaga shi yadda in ka ɗora diddige a feda tana ƙasa ƙafarka za ta miƙe, amma kada ka wuce layin da aka zana a jikin sandarsa. Iskar da taya ke buƙata a rubuce take a gefenta. In kuma ka nace sai ka haɗa da kanka, ka haɗa, amma kada kai ko ɗanka ku hau titi sai wanda ya sani ya duba fok da feda da birki. Bayan sati biyu ko uku ka koma a sake ɗaure wayoyi, domin sabuwar waya takan saki.

Keken dai yana nan, da shi nake zuwa aiki in ba ruwan sama ake yi ba. Kafin shekara ta zagayo ya mayar mini da kuɗinsa daga abin da nake ba masu Napep. Yana da nauyi, sifirin ɗin bayan nan dattijo ya ɗaure shi tamau har ya daina lilo, fentin kuma ya fara koɗewa, ya zama kamar ɗan Beljiyam ɗin da na ƙi. Lokacin sanyi nakan sa safar hannu da hular sanyi in fita bayan asuba, in riski masu shayi suna hura wuta a bakin Bauchi Road. Akwai tudu ɗaya a hanyata da har yau nake sauka in tura, kuma na daina waige-waige in ga ko wani na kallona.

Ranar Lahadi nakan kifa shi a tsakar gida in goge cen. Yarona ne ke riƙe gwangwanin notuna, sai dai ni ina barin sa ya riƙe sifana ma. Kwanaki wani abokinsa ya kawo keken da aka saya masa a kwali, ina ɗaki ina jin su. Sai na ji ɗana yana cewa, "Tsaya, kar ka sa ƙarfi. Duba harafin tukuna." Ban fito ba, na bar su suka ƙarasa, sannan na ce su tura shi Dilimi a duba birki kafin kowa ya hau.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya jiƙan iyayenmu. Sai wani jiƙon.